Ayarin Gamzaki: littafin aikin kashi na farko

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Yau bayan la'asar muka yanke shawara a fada, majalisarmu ta hira, shayi na biyu bai ma sauka ba: za mu yi shi. Kashi ɗaya, minti 25, labarin mutum huɗu da suka sauka a wata duniya da ba tamu ba. Da Hausa za su yi magana, kuma a nan Damagaram za a ɗauka. Mu tara ne, da ni da ƙanena mai gyaran waya, da ɗalibai biyu na jami'a, da tela, da sauran abokai. Kayan aikinmu waya biyu masu kyamara mai kyau, da kwamfuta ɗaya, da jaka 85 ta sefa da muka haɗa.

Asalin abin daga aji ne. Ina koya wa yara yadda haske ke tafiya, wani yaro a bencin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, mutanen da ke zuwa sama a talabijin, me ya sa babu mai jin Hausa a cikinsu?" Na ba shi labarin Cheick Modibo Diarra na Mali, wanda ya yi aiki a NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, lokacin da aka sauke na'urar Pathfinder a Mars a 1997. Yaron ya saurara har na gama, sannan ya ce shi dai bai gan shi a talabijin ba. Tambayar ta bi ni har gida, kuma wata biyu ke nan ba ta sake ni ba. Zan riƙa rubuta abin da ya faru a nan, mai daɗi da marar daɗi, don masu son yin irinsa a Maradi ko Kano su ga inda muka yi tuntuɓe.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Mun zaɓi duniyar da za su je. Na ƙi yarda mu ƙirƙiro ta daga ka, tunda ga na gaske birjik: waɗanda aka tabbatar a wajen gidan ranarmu sun haura 5,000 tun 2022. Mun tsaya a kan tauraron da ake kira TRAPPIST-1, wanda aka sanar a Fabrairun 2017 cewa duniyoyi bakwai ke kewaya shi. Ɗan ƙarami ne, ja, girmansa bai fi na duniyar Mushtari (Jupiter) da yawa ba, kuma ido ba ya ganinsa daga nan. Ta huɗu daga cikin bakwai ɗin muka ɗauka. Girmanta ya kusa na tamu, shekararta kwana shida ce da ɗan ɗoriya.

Nisan ne ya sa fada ta yi tsit. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, daga rana zuwa nan minti takwas da ƴan daƙiƙoƙi yake yi, amma zuwa can sai ya shekara kusan 40. Na ɗauki alli na yi lissafin a jikin ƙofar gareji: kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa, da can ya nufa sai ya yi shekara wajen 700,000 a hanya. Tela ya ajiye kofinsa ya ce, to in ka aika "sannu" fa? Na ce shekara 40 kafin ta isa, wata 40 kafin "yauwa" ta dawo. A labarinmu mun ba kumbon kashi ɗaya cikin goma na gudun haske, tafiyar ta zama shekara 400, matafiyan kuma barci suke yi a cikin sanyi. Ɗaya daga cikin ɗaliban ta ce ashe sun fi As'habul Kahfi daɗewa, su da suka yi 309. Na ce ta rubuta wannan, bakin ɗaya daga cikinsu za mu sa shi.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Mako biyu rubutun ya ƙi tafiya, kuma sai jiya na gane dalili. Duk abin da na sa a bakinsu ƙamshin fassara yake yi. Na rubuta "kyaftin", na rubuta "ofishin sarrafawa", in na karanta da ƙarfi sai in ji kamar ana karanta takardar magani.

Jiya da dare na kai wa Inna goro, kakata ta wajen uwa, a gidanta na Zango. Ta tambaye ni wane aiki ne ya hana ni zuwa gaishe ta. Na bayyana mata iya yadda zan iya: mutane ne suka yi nisa, sun bar gida ba su san ranar komawa ba, sun ɗauki abinci da ruwa a ƙididdige, akwai mai shugabanta, akwai mai duba hanya. Ta ce, "Yo ai ayari ke nan, ɗan nan." Ta shiga lissafa min yadda mahaifinta ya ba ta labari: madugu shi ke da magana ta ƙarshe, jagaba shi ke gaba ya san rijiya ya san tauraro, ruwa a salka yake kuma ba mai kwance bakinta sai da izini, inda aka sauke kaya shi ne zango. Ta ce unguwar nan da muke zaune ai daga nan ta samo suna, a nan baƙi ke sauka da raƙumansu a wajen ganuwar Birni.

Na dawo gida ban kwanta ba. Na bi rubutun layi-layi na fid da kyaftin na sa madugu, mai lissafin hanya ta zama jagaba, kayan ciki suka zama guzuri, tankin ruwa suna ce masa salka duk da na ƙarfe ne. Nan take maganar ta zauna a bakinsu. Har halin mutanen ya sauya, domin fatake ba su zuwa garin mutane da ƙirji a gaba. Sun san su baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne. Kumbon mun sa masa suna Gamzaki, tauraron asuba da matafiya ke tashi da shi.

Yau kuma da yake ranar kasuwa ce na shiga Kasuwar Dole na sayo hular kwano huɗu irin ta ƴan kabu-kabu, na hannu, jaka 14 duka.

Lahadi, 8 ga Disamba

Gardama ta kaure, ta kusa raba mu. Samarin suna son dodo. Suna son a ga halittar can da ido shida, a yi harbi, madugu ya ceci kowa. Ƙanena ya ce, "Yaya, in babu faɗa wa zai kalla har ƙarshe?" Na san yana da gaskiyarsa, shi ke zaune a shago yana ganin abin da mutane ke tura wa juna a waya. Amma ban ga dalilin da zai sa mu yi tafiyar shekara 400 don mu je mu harbi mai gida ba. Ƙasar nan ta ga baƙin da suka zo da bindiga a 1899, ba sai an ba mu labari ba.

Ga abin da muka daidaita a kai. Injin tace ruwansu ya lalace. Ko a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda a 2023 suka kai ga maido da kashi 98 cikin 100 na ruwan da suka yi amfani da shi, har gumi da fitsari, wani abu na salwanta. Ayarinmu ya farka salka ta yi ƙasa. Suna yawo cikin duwatsu sai suka iske rijiya, ginanniya, bakinta ya sha gogar igiya har ya yi santsi. Ke nan akwai mai ita. Suka zura gugansu, igiya ta ƙare ba ta taɓa ruwa ba, suna jin motsinsa a ƙasa. Mutumin Damagaram da ya taɓa kwana a layin famfo, ko ya bi ɗan garuwa da roƙo a watan Afrilu, ba ya bukatar a fassara masa wannan wurin.

Uban kayan ayarin ya ce a fasa bakin rijiyar a sauka da ƙarfi. Jagaba ta ce a'a, a yi sallama. Ta tsaya a bakin rijiya ta yi sallama sau uku, ba amsa. Ta ajiye guntun gishirin Bilma da ta taho da shi daga gida, suka bar gugan a rataye suka koma zango. Da suka dawo babu gishiri, an kuma ɗaura wa igiyarsu wata igiya, da wani irin ƙulli da hannun ɗan Adam ba ya yi. Ba za a ga masu rijiyar ba a wannan kashi. Ƙanena ya yi shiru, can ya ce to lalle ƙullin nan ya ba da tsoro. Na yarda da sharaɗinsa.

Asabar, 21 ga Disamba

Masana na ganin duniyoyin TRAPPIST-1, saboda kusancinsu da tauraronsu, fuska ɗaya suke juya masa kullum, kamar yadda wata ke mana. Gefe ɗaya rana har abada, ɗayan dare, tsakaninsu wani zobe da kullum yake kamar gab da magariba. A nan muka sa zangon. Rana na rataye wuri ɗaya, ja, faɗinta ya ninka na tamu kusan sau huɗu, ba ta hawa ba ta sauka.

Da na karanta wa jama'a wannan, tela ne ya fara tambaya: to yaya za su yi salla? Ban so in amsa da ka ba, don haka bayan isha'i na je zauren malamin unguwarmu. Na gaishe shi na zauna a gefen buzu. Na ce, "Allah gafarta Malam, tambaya ce da ni, amma tana da ɗan ban mamaki." Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Sai ya ce ai sahabbai sun riga ni, lokacin da aka ba su labarin kwanakin Dujal, da yini ɗaya zai yi tsawon shekara, sun tambaya ko sallar yini ɗaya ta isa, aka ce musu a'a, su ƙaddara lokacin. Na gaya masa abin da na sani: a 1985 Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya zama Musulmi na farko da ya je sararin samaniya, a 2007 kuma Sheikh Muszaphar Shukor na Maleshiya ya tafi cikin azumi. Tashar da ya je tana kewaya duniya sau 16 a yini, don haka malaman ƙasarsa suka rubuta masa jagora: ya bi lokacin wurin da ya tashi, ya fuskanci Ka'aba in ya iya, in bai iya ba ya fuskanci duniya, in ya gagara ya fuskanci inda ya samu. Malam ya gyaɗa kai ya ce addini bai zo da ƙunci ba. Ya roƙe ni abu ɗaya, kada a yi wasa da salla a cikin fim, a nuna ta yadda take ko a bar ta.

Saboda haka madugu na ɗaure da agogo biyu, ɗaya na aiki, ɗaya an bar shi a kan lokacin Damagaram. Alƙibla kuma aikin jagaba ne: daga can ranarmu ƙaramin tauraro ce da ido ke kamawa da ƙyar cikin duhu, kuma Makka da Damagaram da kabarin duk wanda suka sani suna cikin wannan ɗigo ɗaya. Na rubuta wurin sau huɗu. A na ƙarshe na cire duk maganar, ta nuna da yatsa kawai, suka daidaita sahu.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Kaya sun haɗu. Tela ya ɗinka rigunan da yadin tanti mai ruwan ƙasa. Safar hannu da takalma wani baduku a Birni ya yi mana su da jar fata, ɗinkinsa ya fi abin da muka biya. Hulunan an fesa musu fari, ƙanena ya liƙa ƙananan fitilu a ciki don a ga fuska. Mahaifin yarinyar da za ta fito a jagaba ya amince bayan na je da kaina na karanta masa rubutun daga farko har ƙarshe, da sharaɗin yayanta zai riƙa rako ta.

Lahadi, 12 ga Janairu

Ranar ɗauka ta farko, a cikin manyan duwatsun gefen gari, bayan mun nemi izinin mai gonar da ke wurin. Ba mu sha wahalar neman wata duniya ba. Duwatsun nan masu santsi da suka hau kan juna, in ka kawar da kyamara daga itatuwa, ba ka cewa a ƙasa kake. Hunturu ma ya taimaka: hazo ya rufe gari, rana ta fito kamar jan faifai, kana kallonta ido ba ya ciwo.

Sai dai mun ɗaure kanmu da igiyar da muka tufka. Mun ce rana ba ta motsi a can, tamu kuwa cikin minti biyu take matsawa da faɗin kanta. Muka fara bakwai saura, kafin takwas inuwar dutse ta ja baya da taku uku, hoton farko da na ƙarshe suka ƙi haɗuwa. Ba yadda za mu yi sai mu riƙa ɗauka minti 30 kacal kowace safiya, a lokaci ɗaya. Na kafa tsinke a ƙasa na zana inda inuwarsa ta tsaya, da ta ƙetare zanen sai a tsaya ko ana tsakiyar magana. Aikin da muka yi wa lissafin kwana huɗu zai ci safiya goma sha biyar, ni kuma ranakun aji sai in bar su da ƙanena in wuce lakwal.

Sauran matsalolin ƙanana ne amma suna cin rai. Numfashi na rufe gilashin hula da tururi cikin sanyin safe, sai da muka goga sabulu a ciki muka share. Leda baƙa na maƙale a kowace ƙaya, mun cika buhu biyu kafin mu fara. Awaki sun shigo hoto sau uku.

Asabar, 25 ga Janairu

Safiya tara mun yi. Ranar Laraba katin ajiyar da ke cikin babbar wayar ya mutu da aikin kwana uku a ciki, har da wurin sallar. A wani shago na saye shi, an rubuta masa girman da ba shi da shi, yana cika sai ya riƙa rubutu a kan na baya. Ƙanena ya kwana yana ƙoƙari, daƙiƙa 40 kawai ya ceto. Na koma shagon, mai shi ya ce shi ma haka aka kawo masa. Ban yi faɗa ba, amma a hanyar dawowa sai da na tsaya na zauna a bakin titi, don na tuna fuskar yarinyar nan lokacin da ta ɗaga yatsa, kuma na san ba lalle a sake samun irinta ba.

Daga yau duk abin da aka ɗauka, kafin a karya kumallo sai an juye shi a kwamfuta da waya ta biyu. Duk sabon kati sai an cika shi taf an duba kafin a yarda da shi.

Da magariba na fito da ƴan wasan tsakar gida na nuna musu sama, don jikin kowa ya yi sanyi. Zara na yamma tana haske kamar fitila, Mushtari na sama kusa da Kaza da Ƴaƴanta, Mars kuma ja a gabas, makon jiya ta yi kusa da mu. Wanda ke fitowa a madugu, magini ne, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce gobe ƙarfe shida yana wurin.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

An sake ɗaukar wurin sallar. Ya bambanta da na farko, ta ɗan yi jinkiri kafin ta nuna, kamar mai tsoron ta yi kuskure, kuma na fi son haka.

Ƙullin ya samu, kuma shi ne abin da na fi alfahari da shi zuwa yanzu. Na je wurin wani dattijo mai tufkar igiyar kaba a kasuwa. Na ce, "Baba, ƙulli nake so wanda in mutum ya gani zai ce ba mutum ya yi ba." Ya dube ni, ya ce in dawo bayan kwana uku. Da na koma ya fito da shi daga ƙarƙashin tabarma. Igiya biyar ya tufka a maimakon biyu ko uku, ya murɗa su ta hagu, ƙullin ya fito kamar gidan zanzaro, ba ka ganin inda ya fara balle inda ya ƙare. Ya ce shi da jikokinsa biyu suka riƙe, hannu shida, don mai hannu biyu ba zai iya ba. Na juya shi a tafina na ji tsigar jikina ta tashi. Mun shafa masa toka da shuni ya yi wani launi da ba shi da suna. Ƙanena ya ɗauke shi kusa-kusa a bakin tsohuwar rijiyar da muka samu, hannun jagaba cikin jar safa yana matsowa a hankali bai kai ga taɓawa ba. Da muka kalla a waya bai ce komai ba, ya mayar baya ya sake kallo sau uku.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Hoto ya kammala, saura wuri ɗaya na cikin kumbo da za mu yi a gareji. Yanzu murya ce ta tsaya mana. Abin da aka faɗa cikin hula ba ya jiyuwa, iskar hunturu kuma ta cinye sauran, don haka kowa zai sake faɗin maganarsa a ɗaki yana kallon bakinsa a kwamfuta. Mun jingina katifu uku a bango, muna farawa bayan sha ɗaya na dare lokacin da babura suka yi sauƙi. Wuta ta ɗauke mana dare biyu a wannan mako.

Na sa su saurari sautin da na'urar Perseverance ta naɗo a Mars a 2021, iska ce siririya kamar daga ƙasan tulu. Irinta muke nema, kuma mun same ta da hura bakin tulun Inna a hankali, aka rage mata gudu a kwamfuta. Wurin da kumbo ke tafiya a sarari kuwa ba mu sa ƙara ko kaɗan ba, tunda inda babu iska sauti ba ya tafiya. Samarin sun ce mutane za su ɗauka wayarsu ce ta lalace. Na ce a bar shi daƙiƙa goma, mu gani.

Inna ta ce ba za ta kalla a waya ba, sai an haska a bango kamar yadda ake yi da. Azumi saura mako guda, aikin dare zai koma bayan tarawihi. Minti 11 daga cikin 25 sun haɗu da murya. Jaka 6 suka rage a asusu, kuma har yanzu ba mu sami wanda zai ara mana majigi ba. Gobe da safe zan je in tambayi wani abokin aikina da ya ce ƙungiyarsu na da ɗaya, daga can in biya wurin baduku, safar madugu ta hagu ta yage a babban yatsa.